Ku Tambayi Baba: Ina Iyakar Tawali'u, Ina Farkon Girman Kai?

Daga cikin wasiƙun da suka iso mini a wannan wata, uku ciwo ɗaya ke damun masu su, ko da yake kowa da inda ya kama shi. Na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko

*Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na daɗe a ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiyarmu. Mai koya mana waƙa ya ƙaura, sai dattawa suka ce in karɓi aikin. Na ce musu a'a, ban isa ba, akwai waɗanda suka fi ni. Amma gaskiya, Baba, a zuciyata na san zan iya, har ma na san babu wanda ya kai ni kunnen waƙa a cikinmu. Da wannan tunani ya zo mini sai tsoro ya kama ni, in ce ga girman kai nan ya shige ni. Yanzu wata uku ke nan ba mu da mai koyarwa, mutane sun fara janye jiki. In na karɓa ina tsoron fahariya, in na ƙi zuciyata ba ta kwanciya. Yaya zan yi?*

*Daga wata 'yar'uwa, mawaƙiya*

'Yata, kin faɗa mini a takarda abin da kika ɓoye wa dattawanki, to daga nan za mu fara. Kin ce musu ba ki isa ba, alhali kin san kin isa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma Allah bai taɓa neman a girmama shi da ƙarya ba, ko da ƙaryar mai ladabi ce.

Ki buɗe Romawa 12. A aya 3 Manzo Bulus ya ce kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, sai dai ya auna kansa cikin natsuwa, gwargwadon bangaskiyar da Allah ya ba shi. Yawancinmu a nan muke rufe littafin. Amma ki gangara zuwa aya 6 har 8 ki ga inda maganar ta dosa: mai baiwar koyarwa ya koyar, mai baiwar ƙarfafa zuciya ya ƙarfafa, wanda aka ba shugabanci ya yi shi da himma. Awon da Bulus yake nufi ba ya ƙarewa a sunkuyar da kai, yana ƙarewa a bakin aiki. Wanda ya auna kansa ya ƙara, ya ɓata awo. Wanda ya rage, shi ma ya ɓata.

Ayar da nake so ki riƙe ita ce 1 Korintiyawa 4:7, inda Bulus ya tambayi wata ikilisiya da ta rarrabu kan wane malami ya fi wane: me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? In kuwa karɓa ka yi, don me kake fahariya sai ka ce ba karɓa ka yi ba? Kunnen waƙar nan naki ajiya ce aka ba ki. Mai riƙon ajiya ba ya yawo yana cewa dukiyarsa ce, wannan sata ke nan. Haka kuma in mai ita ya aiko a karɓa, ba ya cewa ba ya da komai a hannu, wannan ma cin amana ne. Tawali'u shi ne ki ce: eh, tana wurina, ga mai ita, ga kuma abin da ya ce a yi da ita. A cikin wannan amsa ɗaya akwai sunkuyar da kai, akwai kuma tsayuwa da ƙafa biyu. Ban taɓa ganin inda suka yi karo ba.

Ki tuna misalin talanti a Matiyu 25, wato kuɗin da wani ubangida ya danƙa wa bayinsa. An ba wani biyar, wani biyu, wani ɗaya. Na ukun bai yi sata ba, bai yi almubazzaranci ba, bai yi fahariya ba. Cewa ya yi, tsoro na ji, sai na je na binne talantinka a ƙasa, ga abinka nan. In mutum bai san ƙarshen labarin ba, sai ya ce wannan bawan shi ne mai tawali'u a cikinsu. Amma shi kaɗai ubangidan ya kira mugun bawa, malalaci.

Ga kuma Musa. Littafin Ƙidaya 12:3 ya ce ya fi kowa tawali'u a bayan ƙasa, amma ki lura da lokacin da aka faɗi haka a kansa. Ba a gaban kurmin da ke cin wuta ba ne. A can, cikin Fitowa 3 da 4, Musa ya yi ta kawo dalilai: wane ni da zan je wurin Fir'auna, in sun tambaye ni sunanka me zan ce, ba za su gaskata ni ba, ni ba mai iya magana ba ne, bakina da nauyi. Allah ya yi haƙuri ya amsa kowanne. Da ya kai ga cewa, ina roƙonka ka aiki wani dabam, sai Nassi ya ce fushin Ubangiji ya yi ƙuna a kansa. An kira shi mai tawali'u ne daga baya, bayan ya tsaya gaban Fir'auna, ya fito da jama'a daga Masar, har ya yi ƙarfin halin tsayawa tsakanin Allah da Isra'ila a kan maganar ɗan maraƙin zinariya. An faɗi hakan ne ranar da 'yan'uwansa na jini, Maryamu da Haruna, suka yi gunaguni a kansa saboda matar da ya aura, shi kuwa bai ce uffan don kare kansa ba. Da kuturta ta kama Maryamu, shi ne ya yi kuka ga Allah ya warkar da ita.

Akwai wani ɗan labari a sura 11 ta Littafin Ƙidaya da ba a cika yin wa'azi a kansa ba, ni kuwa a wurina ya fi dogon bayani. Mutum biyu, Eldad da Medad, suna cikin waɗanda aka rubuta sunayensu amma ba su fita zuwa alfarwa ba, sai ga Ruhu ya sauko musu, suka shiga yin annabci a tsakiyar zango. Joshuwa ya ce wa Musa, shugabana, ka hana su. Musa ya ce, kishi kake yi domina? Da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne! To, 'yata, ga abin da za ki gwada zuciyarki da shi. Sanin cewa kin iya waƙa ba zai nuna miki ko kina da girman kai ba. Abin da zai nuna miki shi ne ranar da wata yarinya za ta shigo ƙungiyar da muryar da ta fi taki, jama'a su juya suna kallonta. In kika ji daɗi kika matsa mata wuri, ki gode wa Allah. In kika ji cikinki ya ɗuri ruwa, kika fara neman aibinta, ga shi nan ya fito, sai ki kai shi gaban Allah da sunansa.

Na san wani ɗan'uwa mai karanta Nassi a sujada, Allah ya ba shi murya mai daɗin ji. Duk wanda ya yaba masa sai ya dafa ƙirji, ya rufe ido, ya ce ba ni ba ne, Ubangiji ne. Wata rana ya tsallake aya guda a karatu. Bayan an tashi, wata tsohuwa ta taɓa hannunsa a bakin ƙofa ta gaya masa a hankali, ba wanda ya ji sai na kusa. Fuskarsa ta sauya, ya zare hannunsa, ya ce ai ya fi shekara goma yana wannan aiki. Aka daɗe ba a gan shi a wurin karatu ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutumin kirki ne. Amma in da karatun na Ubangiji ne kamar yadda ya saba faɗa, ai gyaran ma hidimar Ubangiji aka yi, sai ya ce na gode, Mama, ya wuce.

Yanzu ki dubi Ubangijinmu a Yahaya 13, ki karanta aya 3 kafin ki kai ga wankin ƙafa. Yahaya ya ce Yesu ya san Uba ya sa kome a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma za shi. Da wannan sani ne ya tashi daga cin abinci, ya tuɓe tufarsa ta sama, ya ɗaura mayafi a ƙugu, ya zuba ruwa a daro, ya durƙusa yana bin ƙafafun almajirai ɗaya bayan ɗaya, ƙafafun da suka yini cikin ƙura, har da na Yahuza wanda ya riga ya ƙulla cin amanarsa. Da ya gama ya zauna, bai ce musu ai ni ba kowa ba ne. Cewa ya yi, kuna kirana Malam da Ubangiji, daidai kuka faɗa, haka nake. Wanda bai tabbata da matsayinsa ba shi ne yake tsoron durƙusawa, don gani yake in ya sauka ba zai sake hawa ba. A daren nan almajiran gardama suke yi kan wane ne babba a cikinsu, kamar yadda Luka 22:24 ya faɗa, mai yiwuwa shi ya sa babu ko ɗaya da ya taɓa daron.

Ba na cewa tsoronki banza ne. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekarar 430, ya taɓa amsa wasiƙar wani ɗalibi mai suna Diyoskorus. Ya ce masa hanyar kaiwa ga gaskiya, ta farko tawali'u, ta biyu tawali'u, ta uku ma tawali'u. Dalilin da ya bayar shi ne, sauran zunubai a cikin mugun aiki ake tsoronsu, girman kai kuwa har a cikin aikin kirki yake laɓewa ya ƙwace shi daga hannun mai yi. Gaskiya ya faɗa. Sarki Uzziya ya hau sarauta yana da shekara 16, ya yi shekara 52 a kan gadon mulki a Urushalima, 2 Tarihi 26 ya ce an taimake shi ƙwarai har ya yi ƙarfi, da ya yi ƙarfi kuwa sai zuciyarsa ta kumbura, ya kutsa Haikali zai ƙona turare, aikin da ba nasa ba. Haɗarin yana nan. Amma Agustin bai ce wa ɗalibin ya bar aikin kirki don gudun girman kai ba, shi kansa ma ya yi shekara fiye da 30 yana riƙe da ikilisiya yana wa'azi.

Ki koma wurin dattawan nan ki ce musu: na ce ban isa ba, tsoro ne ya sa, zan karɓa. Ki roƙe su su ba ki mutum ɗaya mai faɗin gaskiya wanda zai riƙa gaya miki in kin kauce. Tun daga makon farko kuma ki zaɓi wani ko wata ki fara koya musu abin da kika sani. In an yaba miki, ki ce na gode, ya isa.

Tambaya ta biyu

*Baba, ni saurayi ne. Wani abokin aikina, mai bi ne amma ba ɗariƙarmu ɗaya ba, ya tambaye ni ko na tabbata ina da ceto. Na ce masa ƙwarai kuwa. Sai ya ce wannan girman kai ne, Allah kaɗai ya san nasa, mai tawali'u sai dai ya ce yana sa zuciya. Tun ranar nake ta juya maganar. Shin tabbacin ceto fahariya ne?*

*Daga wani ɗan'uwa*

Ɗana, da ina wurin, da na yi maka tambaya ta biyu kafin in goyi bayan ɗayanku: me ya sa ka tabbata? Amsar da za ka bayar ita za ta raba gardamar.

A Luka 18 mutum biyu suka shiga Haikali yin addu'a, ɗaya Bafarisiye, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Shari'a, ɗaya kuma mai karɓar haraji. Bafarisiyen yana da tabbaci, ya kuma faɗi dalilinsa: yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da ushirin duk abin da ya samu, ba kamar sauran mutane yake ba, balle wannan mai karɓar haraji. Ba ƙarya ya yi ba, ya yi waɗannan abubuwa. Mai karɓar harajin ya tsaya daga nesa, ko ɗaga ido sama bai yi ba, yana bugun ƙirji yana cewa, ya Allah, ka ji tausayina, ni mai zunubi. Muna yawan kallonsa a matsayin marar tabbaci, amma ka yi tunani: mutumin da duk gari ya tsana, ya san halinsa, duk da haka ya taka ya shigo gidan Allah ya buɗe baki ya roƙi jinƙai. Me ya kawo shi in ba ya amince cewa akwai jinƙan ba? Luka ya gaya mana tun a aya 9 su waye aka yi wa misalin: masu amincewa da kansu cewa su adalai ne, suna kuma rena sauran mutane. Ka riƙe wannan rabin na biyu. Tabbacin da ya tsaya a kan aikin mutum ba ya iya zama shi kaɗai, dole sai ya sami wanda zai rena.

Bitrus ya ɗanɗana iri biyun duka. A daren da aka kama Yesu ya ce, ko duka sun yi tuntuɓe sabili da kai, ni kam faufau. Ka ji kwatancin a ciki: su da ni. Kafin zakara ya yi cara ya yi musun Ubangijinsa sau uku, yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi a farfajiyar babban firist. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin tekun Tibariya, Yesu ya tambaye shi, Saminu ɗan Yahaya, kana ƙaunata fiye da waɗannan? Bitrus bai sake taɓa maganar waɗannan ba. Ya ce, ya Ubangiji, ka sani ina ƙaunarka. Ya jingina a kan sanin Yesu, ya bar nasa. Makonni kaɗan bayan haka ga shi a gaban majalisa, da Hanana da Kayafa a zaune, mutanen da suka sa aka gicciye Malaminsa, yana ce musu ba za mu iya yin shiru da abin da muka gani muka kuma ji ba. Ayyukan Manzanni 4:13 ya ce sun yi mamakin gaba gaɗinsa, ganin shi da Yahaya ba masu zurfin karatu ba ne. Bitrus na biyu ya fi na farko ƙarfin hali nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi tawali'u. Da jama'a suka taru suna kallonsa bayan warkar da gurgu a ƙofar Haikali, cewa ya yi, don me kuke zura mana ido sai ka ce da ikonmu ko ibadarmu muka sa shi tafiya?

Sai dai kada ka ɗauki abokinka jahili, gardamar nan tsohuwa ce, manyan masana sun sha ta. Martin Luta da sauran masu gyaran ikilisiya a ƙarni na 16 sun nace cewa mai bi zai iya tabbata, domin tabbacin yana kan alkawarin Allah ne cikin Almasihu. Taron Tirento na ɗariƙar Katolika, a hukuncinsa na shekarar 1547 kan barata, wato yadda mai zunubi yake zama mai adalci a gaban Allah, ya ce kada mai ibada ya yi shakkar jinƙan Allah ko isar aikin Almasihu, amma in mutum ya dubi raunin kansa yana iya jin tsoro, don ba wanda zai san da sanin da ba ya kuskure cewa ya sami alherin. Bayan shekara ɗari, Furcin Bangaskiya na Westminista a Ingila ya ce ana iya samun tabbaci na ƙwarai, amma mai bi na gaskiya yana iya daɗewa yana fama kafin ya same shi, yana kuma iya girgiza. In ka lura, ɓangare ɗaya yana gudun kada mutum ya sake jiki ya yi wasa da zunubi, ɗayan yana gudun kada a bar mutum cikin fargaba har ya mutu. Dukansu abin gudu ne.

A shekarar 1431, a birnin Rouen na Faransa, masu shari'a suka yi wa Jan Dak, yarinya 'yar kimanin shekara 19 wadda ba ta yi karatu ba, irin tambayar da aka yi maka, amma tarko ne. In ta ce tana cikin alherin Allah, su ce ta yi girman kai. In ta ce a'a, ta hukunta kanta. Ta ce, in ba na ciki, Allah ya sa ni, in ina ciki, Allah ya riƙe ni. Ta mayar da maganar duka hannun Allah, ba ta kuma ja da baya ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Manzo Yahaya ya ce ya rubuta wasiƙarsa ta fari domin masu gaskatawa da sunan Ɗan Allah su san suna da rai madawwami, 1 Yahaya 5:13. Ibraniyawa 4:16 ya ce mu kusaci kursiyin alheri gaba gaɗi domin mu sami jinƙai. In Allah ya yi alkawari, ni kuma na ce ban sani ba ko zai cika, ban ga tawali'u a nan ba, na sa shakkar kaina sama da maganarsa ke nan. Saboda haka ka ci gaba da cewa ka tabbata. Amma in an ce don me, kada kalmar farko ta amsarka ta zama ni. Ka ce Almasihu ya mutu domin masu zunubi, ya kuma ce wanda ya zo wurinsa ba zai kore shi ba. Shi kuwa abokin naka da ya ce yana sa zuciya, kada ka dube shi a matsayin wanda bai kai ka ba. Ranar da ka fara jin haka, ka koma tsayawa inda Bafarisiyen ya tsaya, da ayoyi a bakinka.

Tambaya ta uku

*Baba, ina cikin kwamitin kuɗi na ikilisiyarmu. Na ga an fitar da wasu kuɗi babu rasit, na tambaya a taron kwamiti cikin ladabi. Shugabanmu ya ce ba ni da tawali'u, ya karanta mini ayar da ta ce Allah yana gāba da masu girman kai. Sauran suka yi shiru. In nemi gafara in bar maganar?*

*Daga wani ma'aji*

Ɗan'uwana, wannan wasiƙa ta fi sauran ɓata mini rai, domin na sha ganin ana mayar da kalmar tawali'u abin toshe bakin mutane. Ayar da aka karanta maka gaskiya ce, tana Yakubu 4:6, tana kuma 1 Bitrus 5:5. Amma a wasiƙar Bitrus, ayoyin da suka gabace ta dattawa ake yi wa magana: su yi kiwon garke ba don ƙazamar riba ba, ba kuma da nuna iko a kan waɗanda aka danƙa musu ba. Sannan ya ce dukanku ku yafa tawali'u ga juna. Dukanku ya ce, har da mai riƙe da littafin yana karanta wa wani.

Ba kai ne na farko da aka yi wa haka ba. Da Dawuda ya tambayi abin da za a yi wa wanda ya kashe Goliyat, bayan kwana 40 ana zagin rundunar Isra'ila ba wanda ya motsa, wansa Eliyab ne ya taso masa da cewa na san girman kanka da muguntar zuciyarka. Dawuda ya ce, yanzu me na yi, ba tambaya kawai na yi ba? Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya a gaban kowa, kan janyewar da ya yi daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, Galatiyawa 2 ta ba da labarin. Ubangiji kansa, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, ya ce, in mugun abu na faɗa ka nuna, in kuwa daidai ne, don me ka mare ni?

Game da kuɗi kuwa, Bulus bai jira a tambaye shi ba. Da ake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya sa Titus da wasu 'yan'uwa biyu a cikin aikin, ɗaya daga cikinsu ikilisiyoyi ne da kansu suka zaɓe shi, ya kuma faɗi dalili a 2 Korintiyawa 8:20 da 21: kada kowa ya sami abin zargi, muna so mu yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji, a gaban mutane kuma. Manzo ke nan wanda ya kafa ikilisiyar Korinti, bai ga neman shaidu a kan kuɗi ya rage masa daraja ba.

Ka bincika zuciyarka tukuna. In akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninka da shugaban, ko murya ta ɗaga a taron fiye da yadda kake tunawa, ka nemi gafarar wannan, da gaske. Tambayar kuwa kada ka janye ta, aikin da aka sa ka ke nan, kuɗin kuma na gwauraye da ma'aikata ne da suka bayar da aminci. Ka same shi shi kaɗai, ka ce ba zarginsa kake yi ba, rasit kake nema don littafi ya daidaita, mai yiwuwa ma mantuwa ce. In ya ƙi, ka koma da mutum ɗaya ko biyu daga kwamitin kamar yadda Matiyu 18 ya tsara. In har yanzu bai ba da bayani ba, ka rubuta abin da ka gani, da ranaku da adadi, ba tare da ƙarin ko kalma ɗaya ta zargi ba, ka miƙa wa majalisar dattawa ko hukumar da ke sama da ikilisiyarku bisa ga tsarin ɗariƙarku. Kada ka kai maganar bakin ƙofar sujada ko dandalin sada zumunta, kada kuma ka sa hannu a kan rahoton kuɗin shekara sai an cike gurbin nan.